Takardu Biyu a Teburin Yanka

Gaggawa ake ce mata a layin teloli. Shekara talatin tana taka keke, ba wanda ya taɓa ganin ta shanye kofin shayi a zaune. Shi ya sa da ta fara ramewa, hannu na rawa, gumi kamar an sheƙa mata ruwa, kowa ya ce halinta ne ya tsananta. Mijinta, bawan Allah, sai da wuyan ya kumbura ya tuna matarsa na da wuya.

Likita ta ce maƙoƙo ne ke aiki fiye da kima, ta rubuta ƙwayoyi. Awon jinin ranar ya nuna ƙoda garau. Gaggawa ta manna takardar a bango, duk mai kawo ɗinki sai ya karanta.

Wata uku, jiki ya lafa, aka sake awo. Wannan karon ƙodar ta ja baya. Ta shimfiɗa takardun biyu a teburin yanka, ta gwada su kamar yadi: kafin magani lafiya, bayan magani matsala. Ta jefa ƙwayoyin cikin gwangwanin maɓallai.

Ba a rufa wata ba zuciya ta koma dukan ƙirji. Ta zauna ta tashi, ta leƙa titi ta dawo, ta yanke wa rigar mutane hannu ɗaya gajere. 'Yarta ta kwashi ƙwayoyin, ta tisa ta gaba sai asibiti. Suna shiga, Gaggawa ta hau likita da faɗa.

"'Yar nan, lafiyayyiyar ƙoda na kawo miki, kin lalata min!"

"Mama, maƙoƙon ne ke yi wa ƙodar bulala, tana gudu ba da sonta ba, awo ya fito da kyau. Da ya lafa muka ga ainihin tafiyarta."

"Wato takardar da nake nuna wa jama'a ce maƙaryaciyar?"

"Ita ce. Ƙodar ta ɗan gaji, za mu riƙa duba ta. Amma in kika bar maganin, zuciyar ce za ta riga ta gajiya."

Gaggawa ta dafa ƙirji, ta ji abin na ta bugu. Ta fizge ƙwaya daga hannun 'yarta, ta haɗiye ko ruwa babu, ta juya ga likita.

"Na sha. In ƙodar ta tsaya, gidanki zan tare, ni da kekena."