Malam Abdulbaƙi da Akwatin Rubutun Fanta

Kafin telolin unguwarmu ta Briqueterie su taka keke, Malam Abdulbaƙi ya share shagonsa, ya kaɗe ƙurar tsofaffin kwamfutocin da yake koya wa mutane hannu a kai. Haka ya yi shekara da shekaru. Yanzu ido ya gaza, zai rufe shagon, ni kuwa na ce wallahi ba zai rufe shiru ba.

A shekarar korona abin ya faru. Fanta, maƙwabciyarsa, sanƙarau ya tafi da jinta tun tana budurwa, da leɓen mutum take gane magana. Sai ga kowa ya ɗaura takunkumi. Ga ta da tsohon ciki, kuma ɗanta na fari bai zo da rai ba. Ungozoma Tasalla ta ƙaramin asibitin unguwa ta rasa yadda za ta yi, don ita Faransanci take rubutawa, Fanta kuwa ajami kaɗai ta iya.

Malam ya ce a bar masa. Ya haɗa wata 'yar manhaja: akwatin rubutu ƙato guda, ƙarƙashinsa maɓallai da Faransanci. In Tasalla ta danna, sai magana ta fito a akwatin da ajami. Da fari akwatin ya yi masa gardama, haruffa suka fito a warwatse, daga hagu. Bai bar shi ba sai da rubutun ya tashi daga dama, a haɗe, kamar na allo.

Ranar naƙuda aka ɗora kwamfutar a kujera daidai idon Fanta. Yi nishi. Dakata. Ƙara. Da jaririya ta faɗo aka juya da ita gefe ana goge ta, Fanta ta kafe Tasalla da ido. Tasalla ta ce sai a lokacin ta lura da wani maɓalli a can ƙarshe, wanda ba ita ta roƙa ba. Ta danna. Akwatin ya ce: "Da rai. Ana jin kuka."

Allahu akbar! Malam, kai ne ka zauna a shago ka tuna cewa wannan uwar ba za ta ji kukan ba. Wa ya gaya maka?

Da na tambaye shi, cewa ya yi, "Saka magana a akwati ai darasin farko ne. Sanin wadda za a saka, shi ne aikin."

Mun gode, Malam, Allah ya ƙara wa ido haske. Ku da kuka koya a hannunsa, ku riƙa tuna mai karantawa. Yarinyar, Mu'mina, ita ce mai tsiwar nan da ke cika mana layi da surutu.