Ranar da Gungunmu Ya Ji Muryata

Wannan abu ya faru daminar da aka fara ɗibar samari zuwa yaƙin basasa, shekara guda kafin ruwan Kainji ya haɗiye gungunmu, tsibirin da aka haife ni. Ɗiyata Ladi tana goye, haƙoranta biyu. Ban yi boko ba, jikata ce ke rubuta wannan. Amma na yi aikin rediyo, a rubuta shi da kyau.

Mijina Malam Garba shi ke ɗauko wa gidan rediyon gwamnati labarun ƙasar Yawuri. Rikodarsa nauyi gare ta kamar dutsen niƙa. Ba ya jin Gunganci, ni kuwa da shi na tashi. In tsoho ya yi magana sai in mayar da Hausa, rikoda ta ɗauke mu mu biyu, a sa faifan a mota zuwa babban gidan rediyon.

Ni na kai shi wurin Kawu Bawa, yayan innata, babban gungunmu. Kawu ya ce saboda ni kaɗai zai yi wa ƙarfe magana. A wurinmu babba ba ya farawa da kuka. Ya gode wa hukuma, ya gode wa masu awon ƙasa, ya yi wa aikin dam addu'a. Sa'annan ya juyo. Ya ce ba za su bar kaburburan iyaye da gonakin albasa su koma ɗakunan siminti a kan tudu ba. Ya yi ta magana har inuwa ta juya. Na fassara duka, ban zubar da kalma ɗaya ba.

Ranar da za a sa shirin, Talata ce. Muna zaune a wani ƙauye na bakin ruwa, kusa da Warra. Na yi wanki da hantsi, na daka dawa, na ɗaura sabon zane. Malam ya canza wa akwatin rediyo batir. Ya ce, "Hajo, yau duk Arewa za ta ji ki."

Ƙarfe ɗaya aka fara labaru. Mai karantawa ya ce mutanen gungu sun yi maraba da tashi. Muryar Kawu ta fito can ƙasa-ƙasa, tawa a kanta, tangaran, ina gode wa hukuma, ina yi wa dam addu'a. Minti biyu. Sai aka shiga farashin gyaɗa.

Malam ya girgiza akwatin. Ya ce, "Sun yanke. Farkon kawai suka ɗauka."

Rediyo ɗaya ne a gungunmu, a gindin tsamiya, kuma na san kowa yana wurin.

Aka yi azahar. Malam ya zauna rubuta wa babban gida takarda. Ni na kasa zama. Ina leƙa kogi ta kan danga.

Ana kiran la'asar na ji faɗuwar filafilan tuƙi a ruwa, da yawa, a tare. Babu waƙa. Mutanenmu ba sa tuƙi ba waƙa. Na ƙirga jirage bakwai. Maƙwabta suka fara jawo ƙofofinsu.

Dutsen farko ya sauka kan kwanon rufi. Na biyu ya fasa randa. Ladi ta tsala kuka. Sai na ji muryar Ɗantani, ɗan Kawu, wanda muka ci tuwo a akushi ɗaya. Da Gunganci yake ihu.

"A fito mana da ita! Ita ta juya maganar babana!"

Malam ya dube ni. "Me suke cewa?"

Shekara huɗu ina fassara masa, ban taɓa yi masa ƙarya ba. Na ji nauyin Ladi a bayana. Na ce, "Rikodar suke so."

Ya saɓa ta a kafaɗa. Ya ce, "To, in ba su. Ki tsaya nan." Ya nufi zaure.

Ban tsaya ba. Na keta danga ta bayan banɗaki, na faɗa cikin dawa. Na ji buɗewar ƙofa. Na ji muryarsa yana sallama. Na ji ƙarfe ya fashe. Bayan nan wani sauti ya biyo, kamar ana bugun buhu, kuma bai tsaya da wuri ba.

"Ku duba ɗakuna!"

Na yi ta gudu a sunkuye. Ganyen dawa yana yanka min fuska. Na juyo da Ladi gaba, na cusa mata nono don ta yi shiru. Sabon zanen ya tsaya a ƙaya, na bar rabinsa. Da na waiga, hayaƙi ya miƙe daidai gidanmu. Sau biyu na kwanta cikin taɓo saboda motsi, sau biyu awaki ne.

Da magariba na faɗa wata ruga. Wata tsohuwar Bafillatana ta dubi ƙafafuna, ba ta tambaye ni komai ba. Ta tura ni bukka, ta ba ni nono. Washegari da hantsi ɗanta ya tare min motar Kwantagora.

A can, kwana uku bayan haka, a shagon wani tela, na ji sanarwar rasuwar Malam a rediyo. Ba ta kai minti ɗaya ba.

Kawu ya rasu a ɗakin siminti, bai sake aiko min da gaisuwa ba. Gungun yana ƙarƙashin ruwa. Tun ranar ban sake fassara wa kowa ba. Cikin waɗanda suka ga wannan rana saura mu uku. Ni, da Ladi da ba ta tuna komai, da Ɗantani, ya makance, yana Warra. Shi ya san abin da ya faɗa. Ni kaɗai na san abin da na ce ya faɗa.