Shuɗin Ƙyaure

Shuɗin na fara gani kafin in ga mutumin. Na fito ɗibar ruwa da safe a Deule, garin da komai nasa launin ƙasa ne, katangu da rumbuna har da jakuna, sai ga ƙyauren maƙwabtanmu ya zama shuɗi shar kamar an yanko sama an kafa a bakin zaure. Na gaba da shi ma haka. A ƙarshen lungun na iske wani saurayi durƙushe da gwangwanin fenti, yana shafa yana waƙa, tsohuwar gidan tana tsaye a kansa.

"Kai ɗan nan, wa ya aiko ka?" in ji ta.

"Ba kowa, Kaka. Garinku ne ya yi mini duhu."

"To ka shafa ma akuyata, ita ma ta yi duhu."

Ya yi dariya har buroshin ya faɗi. Da ya ɗago ya gan ni da tulu, ya ce in tsaya haka kada in motsa, wai bai taɓa ganin wuyan da ya dace da tulu irin nawa ba.

Ɗan Madawa ne, mai rubuta allunan shaguna da zane a jikin motoci, ya zo gaida kakarsa da ke wata unguwar garinmu. Ni kuwa a lokacin kaina cike yake da littattafan soyayyar da yayata take kawo mini daga kasuwa. A cikinsu saurayin gaske ba ya barci, ba ya cin abinci, magana tana zuba daga bakinsa kamar ruwan indararo. Wannan kuma duk yana yi. Sai na ce a raina, ashe dai akwai su a duniya, ga nawa ya zo.

Bayan girbi aka ɗaura mana aure na tare a Madawa. Ya zana mini furanni a bangon ɗaki har saman taga. Mata suna shigowa kallo, ina ta jin kaina.

Da damina ta faɗi, sai ya kwanta. Ba zazzaɓi, ba ciwon ciki. Ya juya fuska ga bangon nan mai furanni ya yi shiru. In na kawo fura, sai in dawo in iske ƙuda a kai. Masu shaguna suka gaji da sallama suka koma wurin wani. Wata rana na ce, "Maigida, mi na yi maka?" Ya ce, "Ba ki yi komai ba. Ni ne ban da amfani. Da kin koma gida kin huta."

Kowa ya kawo nasa bayanin. Kakarsa ta zo daga Deule ta ce na gida ne, iskokin kakanni da aka yi watsi da su, ta ce mijinta ma haka ya yi ta yi har ya mutu. Kawunsa ya ce a'uzubillahi, ya kawo malami da rubutun sha. Aka yi hayaƙin tsohuwa a ɓoye, aka yi karatun malam a fili. Ni ma ina da nawa bayanin da ban gaya wa kowa ba: ya daina so na. A littattafaina ba wani dalilin da ke sa namiji ya juya wa mace baya.

Da sanyi ya shigo ya miƙe da kansa, ya nemi ruwan wanka. Kaka ta ce hayaƙinta ne, kawu ya ce addu'a ce, ni na ce haƙurina ne ya dawo da shi. Muka zauna lafiya har na haifi ɗiyarmu.

Sannan hasken ya dawo, kuma na yi murna da shi, don na ɗauka saurayina ne ya dawo. Amma wannan karon bai tsaya inda ya tsaya a Deule ba. Ya sayar da babur ɗinsa ya cika tsakar gida da gwangwanaye. Barci ya ƙaurace masa, kuma ba ya jin gajiya. In na ce ya ci abinci sai ya daka mini tsawa, wai ina tsayar da babban aiki. A tasha ya hau wata motar albasa da ba a sa shi ba ya shafe mata gilashi, direbobi suka yi masa duka. Bai ji ba. Ya ce shi zai shafe hanya tun daga Madawa har Keita, don matafiya su daina baƙin ciki. Ranar kasuwa wata maƙwabciya ta shigo da gudu ba ko mayafi.

"Ke, tashi! Mijinki na bisa kwalta!"

Na same shi durƙushe a tsakiyar babbar hanya, kamar yadda na fara ganinsa, yana shafa yana waƙa. Manyan motoci suna kauce masa suna oda. Iskar wata ta ɗauke masa hula bai ko waiwaya ba. Wansa da wasu ƴan kabu-kabu suka ɗauke shi cak, yana kiran su maƙiya.

Likita muka kai shi, wato babban asibiti, a Tawa. Lokotoron da ya duba shi ya fi yi mini tambaya a kan shi. Yaushe ya daina barci? Ya taɓa kwanciya ya ƙi tashi? Akwai mai irin haka a danginsu? Na ba shi labarin damina da na ƙyamaren Deule, ina cewa wannan dabam, wancan dabam.

"Ba dabam ba ne, Malama," in ji shi. "Ciwo guda ne mai fuska biyu. Ya ɗaga mutum sama, ya kuma jefa shi ƙasa, tsakani ya bar shi lafiya lau." Ya faɗi sunansa da Faransanci. Ya ce ba laifin kowa ba ne, yakan bi jini, ba ya warkewa gaba ɗaya amma magani yana riƙe shi, in ba a bari ba. Ya ce in sa ido a kan barcinsa, kuma in na ji yana zancen mutuwa kada in jira gari ya waye sau biyu ban dawo da shi ba.

A motar dawowa na yi kuka, mutane suna ba ni haƙuri. Ba su san abin da nake wa kukan ba. Safiyar da na fi so a rayuwata ce aka ce mini alamar ciwo ce.

Maganin ya riƙe shi, amma ya sa masa rawar hannu. Mutumin da yake jan harafi a allo ba tare da ya auna ba, sai ga layinsa yana karkacewa. Wata safiya na miƙa masa ƙwayar da ruwa, ya riƙe ta a tafinsa yana kallo.

"Gaya mini gaskiya," ya ce. "Wanne kinka aura? Wancan na Deule ko wanga?"

Na so in ba shi amsa irin ta littafi, ban samu ba. Ɗiyarmu tana rarrafe tana jan ƙafar wandonsa.

"Wanda za ya dawo gida da marece," na ce.

Ya haɗiye.

Ba a nan ta ƙare ba. Ya taɓa barin maganin a ɓoye, muka sake shan wata baƙar damina wadda a cikinta na kwashe wuƙaƙe da igiyar guga na kai gidan maƙwabta. Har yau in ya yi dariya da ƙarfi sai gabana ya faɗi, kuma ya san haka, shi ya sa yake rage ta.

Yanzu ɗiyarmu ta shiga kwaleji. Shi kuma ya bar rubutun allo. Farar ƙasa yake shafa wa katangu da masallatai, aikin da ba ruwansa da rawar hannu, daga Madawa har ƙauyukan Buza. Ya yi ƙiba, furfura ta fito masa, yana barci da wuri. Bara da muka je ta'aziyyar kakarsa, ya tsaya a bakin ƙyauren tsohuwa mai akuya. Shuɗin ya koɗe saura kaɗan a jikin ƙusoshi. Ya kankare shi da farce ya duba, ya ce fentin mai kyau ne, sannan ya tambaye ni ko na zo da maganinsa na marece.