Nawar Jibo a Tsohon Rinji

Jibo ɗan Jiratawa ne, unguwarmu ɗaya. Tun muna samari ba wanda ya taɓa ɗaukarsa aiki sau biyu. In aka ba mu fangalin albasa mu gyara, sai in gama nawa har in sha fura, shi yana tsugune yana tsintar tsakuwa. Ya gwada bugun bulo a Sabon Gari, aka sallame shi. Ya bi ni haƙar rijiya, na sallame shi da kaina. Matarsa Balkisu ce ke riƙe da gidan da tuyar ƙosai.

Bara wani Alhaji ya sayi fili a hanyar Tibiri zai yi gine-gine. Wurin tsohon rinji ne, inda bayi suka zauna suna noma gandun wani mai sarauta. Sai ga mutanen jami'a, wata Malama Nafisa ce shugabarsu, suka roƙi a bar su zuwa damina su tone abin da ke ƙasa kafin katafila ta shiga. Ni aka fara kira, don duk kwarin nan an san digata. Jibo biyo ni ya yi, ko a ba shi turin baro.

A rijiya, in ka ji tauri ƙara ƙarfi kake yi. Na ji tauri, na ƙara. Ashe randa ce na fasa, wadda tun zamanin kakanni take kwance lafiya. Malama ba ta yi faɗa ba. Ta karɓi digar, ta nuna mini baro.

Jibo aka ba cokalin magini da buroshi. Sai ya wuni yana share wurin da bai kai faifai ba, suna tsaye a kansa suna yabo. Ya fito da daɓen ɗaki, da murhu, da dutsen niƙa. Har Malam Jibo suke ce masa, ni ina kwashe ƙasar da ya sosa. Na ce masa kaza ma ta iya wannan tono. Ya yi dariya ya ce to in zo in gwada.

Hadari ya fara haɗuwa, Alhaji ya aiko cewa ba zai ƙara musu lokaci ba. Saura gefen gabas inda ake zaton rumbuna, ƙasar da ke kai ta kai ƙirji. Jibo ya same ni a gindin itacen bedi.

"Zakariya'u, wannan sai kai. Ka kwashe mini ta sama, in na ce tsaya ka tsaya."

"Yau kuma kai ke ce mini tsaya?"

"Ni ne."

Na haƙa har tafin hannuna ya yi kanta, in ya ce tsaya in tsaya. Gindin rumbunan ya bayyana ana gobe katafila za ta shigo. Malama ta zo ɗaukar hoto, Jibo na tsugune da buroshinsa. Ni aka ce in matsa, inuwata na ɓata hoton.

Yanzu ta tafi da shi wani tonon wajen Damagaram. Ni ina nan, ina haƙa wa Alhaji ramin harsashin gini a kan rumbunan.