Baƙar Ƙasar Inna Dije

Ban taɓa mantawa da ranar da na tsaya a gaban lambun da ya fi kowanne kyau a ƙasar Bukkuyum, na buɗe baki na ce a tumɓuke shi ba. Ku sababbin malaman gona masu ƙorafin rana da nisan hanya, ku gyara zama.

Abin ya faru ne a bazarar da ta biyo bayan gubar dalma ta 2010. A lokacin ina malamar gona mai mataki na bakwai. Aikina shi ne shiga gidajen da maza ba sa shiga, in taimaka wa mata da shukar bayan ɗaki: alayyahu, yakuwa, kuɓewa, gwanda. Ga wanda bai sani ba, dalmar ta shiga gidaje ne ta duwatsun zinare da ake dakawa a tsakar gida. Garin dutsen ya gauraye da ƙasa, yara kuma suna rarrafe suna kai hannu baki. Maganin da aka yi shi ne a kankare ƙasar saman gida, a binne ta nesa, a zubo sabuwa. Sabuwar kuwa ja ce mai tsakuwa, lafiya lau ga yaro, amma ko ciyawa sai ta yi shawara kafin ta fito a kanta.

A shekarar ruwa ya yi sammako. Tun ba a gama sharar gona ba ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya kuma ƙi ɗaukewa. Mata suka yi murna suka zuba iri, amma a wata tunga da ba sai na faɗi sunanta ba, duk gidan da na shiga shuka ta tsaya cak, rawaya, abin tausayi.

Sai na shiga gidan Inna Dije, wata dattijuwa mai riƙon jikarta Balki. Yarinyar tana cikin waɗanda aka yi wa magani suka tashi, ƙanenta bai tashi ba. A bayan ɗakin tsohuwar alayyahu ya kai gwiwata, yakuwa ta yi shar, ga 'yan gwanda suna tasowa. Na yi tafi, na yi guɗa. Da na sunkuya kuma na ga ƙasar gindin shukar baƙa wuluk, sai guɗar ta maƙale.

Na ce, "Inna, ina kika samo wannan ƙasa?"

Ta ce, "Ina kuwa, ɗiyata? Kududduhin bayan gari. Da ruwa yaf fara, nig ga zai cika, sai niy yi maza niɗ ɗebo lakar gindi nai. Haka Innata ka yi, haka munka taso."

Gaskiyarta. Duk shekara, kafin kududdufi ya cika, mata kan kwaso baƙar lakarsa su zuba wa shukar gida, kuma babu takin da ya kama ƙafarta. Sai dai a wannan kududdufin ne aka riƙa wanke garin zinare, kuma saboda ruwan da ya yi gaggawa, masu kwashe ƙasa ba su kai gare shi ba. Wato tsohuwa ta ɗauko gubar a ka, kwano bayan kwano, ta maido ta gidan da aka wanke.

Na yi mata bayani da duk iyawata, na ce a tumɓuke. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ƙasag ga ta ciyad da mu tun ba a haihi uwakki ba. Jar ƙasakku mi tab ba mu? Da mi za ni yi ma yarinya miya?"

Ƙa'idar aiki ita ce in kai rahoto, na kuwa kai. Shugaban sashenmu ya ce magana ta ƙare: a hana shukar cikin gida a tungar gaba ɗaya bana, a kuma kira tsohuwa gaban mai gari. Ba mugun mutum ba ne, ya ga gawarwakin yara ne, tsoro ya kama shi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, in ka kunyata ta, ba za a sake buɗe mini zaure ba. Za su ci gaba da ɗiba, mu ne dai ba za mu sani ba."

Ya ce, "Malama, bakinki ya fi matakinki." Amma ya ba ni wa'adi zuwa kasuwar Bukkuyum ta zagayo.

Ban koma da baki kawai ba. Na tara tsofaffin buhuna, na je wata rugar Fulani mai nisa da wurin haƙa na roƙi busasshen kashin shanu, na gauraya da ƙasar da ma'aikatan lafiya suka auna suka ce ba ta da komai. Na ɗaura a babur, muka yi ta tsantsi a taɓo har tungar. Na jera buhunan a kan duwatsu don kada ruwan tsakar gida ya taɓa su, na huda gindinsu, na dasa sabon iri. Inna Dije tana zaune tana tsintar wake, ko kallo ban ishe ta ba.

Ina cikin aikin sai hadari ya haɗo da rana tsaka. Muka fake a rumfa. Da ruwan ya tsagaita, ga abin da bakina ya kasa nuna mata, kwance a fili: baƙin ruwa ya taso daga gindin alayyahu, ya ja layi a kan jar ƙasar, ya ratsa tsakar gida har ƙofar ɗaki. A ƙarshen layin Balki ta tsuguna tana kwaɓa tuwon wasa. Ta ɗago hannu baƙi ƙirin za ta kai baki.

Ban taɓa ganin tsohuwa ta yi irin wannan zafin nama ba. Ta cafke hannun, ta wanke shi da sabulu har yarinyar ta sa kuka. Ita ma idonta ya kawo ruwa. Ta ɗaure zane ta shiga lambun, ta fara tumɓukewa da hannunta. Akuyarta ta matso, ta kore ta da dutse. Muka kwashe lakar tas, aka kai ramin da ake binne gurɓatacciyar ƙasa.

Na ɗauka aiki ya ƙare. Sai ta yafa mayafi ta ce, "Tashi mu tahi. Ba gidana ɗai lakag ga tash shiga ba. Da mata sunka ga lambuna, ni nik kai su kududduhin, ni ka hidda su."

Haka muka bi gida-gida, ita a gaba, ni a baya kamar 'yar rakiya. Inda ni zan yi awa ina lallashi, ita kalma biyu take yi a miƙo mata fartanya. Kafin kasuwa ta zagayo babu baƙar laka a tungar, kuma babu gidan da ba a jera buhuna ba. Shugabanmu ya zo, aka fito masa da buhu guda zaure ya gani, ya janye maganar hani. Kafin tsakiyar damina ana miyar yakuwa a ko'ina.

Na yi shekaru a aikin nan, an ƙara mini girma, amma babu abin da nake alfahari da shi kamar wannan makon. Abin da na koya shi ne, mutanenmu ba taurin kai ne da su ba, yunwa suke tsoro. Kada ka ce wa mace ta tumɓuke sai ka zo mata da inda za ta sake shukawa. In kuma ta gane, ka kauce ka ba ta hanya, don za ta kai inda takalminka ba ya kaiwa.

Bara na haɗu da Balki a asibitin Gummi, ta kawo ɗanta awo. Yaron ya cika hannu, har ya fizge mini tabarau.