Matar da Ta Kai Rumbu Bakin Teku

Malama Rifkatu, maƙwabciyata a nan Bagadaza, ita ke rubutawa, ni ina faɗa, don ban taɓa shiga aji ba. Wata bakwai ke nan da rasuwar mijina, Malam Adamu, har yau kuma in na ɗora tukunya sai in auna tsaba ta mutum biyu, sai ruwa ya tafasa in tuna, in zauna in yi kukana. Ya bar mana gona a Kwadon, ni da 'ya'yanmu. Babban ɗanmu Usmanu yana so a sayar da ita. Wannan ne ya tuno mini da Dada.

Dada kakata ce, mahaifiyar babana. A Kwadon ta raine mu. Da an idar da magariba, an ci tuwo, sai ta ja kujerarta kusa da murhu kafin garwashi ya mutu, ta zuba mana gyaɗa mu ɓare. Wanda hannunsa ya tsaya, labari ya tsaya. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Cewa take, "Ku gyara zama, yau za mu je inda ƙasa ta ƙare."

Ta san da wurin ne ta bakin ɗanta, Baffa Sale, wanda ya yi soja, jirgin ruwansu ya yada zango a wani lardi can kudu mai nisa. Ya dawo ya ba ta labari sau ɗaya, ita kuma ta yi shekaru tana ƙara masa gishiri. Ta ce a can tuddai ne a baya, teku a gaba, tsakaninsu rake ne shimfiɗe har bakin ruwa. Ba su san rani ba. Ciyawa ba ta bushewa, ruwan teku da ɗumi, iska kuwa jiƙaƙƙiya, in ka shanya zane da safe, da yamma ka same shi kamar yanzu ka matse. Ayaba da lemo a kowane gida. Mutanen wurin ba sa ajiye hatsi. Su sare rake, a matse a yi sukari, jirage su kwashe, wasu jiragen su kawo musu shinkafa.

"To me suke ci ran da jirgi bai zo ba?" in ji yayata.

"Ke dai ɓare gyaɗarki, uwar tambaya. Can muka nufa."

Wai wata mata 'yar ƙasarmu, Dada ta sa mata suna Ladi, aure ya kai ta can. Ta duba gida ba rumbu, ta ce ita ba ta iya barci haka. Ta shuka masara a gefen raken mijinta, ta kwaɓa laka ta gina rumbu irin namu, ta zuba, ta liƙe bakinsa tsaf kamar yadda uwarta ta koya mata. Bayan wata biyu ta buɗe, masara ta yi funfuna, ta yi baƙi ƙirin. A wurinmu liƙewa ke tsare hatsi, a can liƙewa ke kashe shi. Matan gari suka taru suna dariya, suna ce mata, "Baƙuwa, yau miyar me za a yi wa tuwon ruɓa?"

A nan Dada kan tsaya ta tura itace cikin wuta, ta dube mu ɗaya ɗaya. "Kuka ta yi, ba na ɓoye muku. Amma da gari ya waye ta ɗauki gatari."

Ladi ta hau tudu ta saro dogayen itatuwa, ta kafa sabon rumbu a kansu, na kara, mai shan iska, ta mai da ƙarƙashinsa madafarta. Duk girkin da ta yi, hayaƙi ya ratsa masara ya kore danshi. Aka ci gaba da dariya, har mijinta ya daina zama da maza don kunya. Shekara ta uku guguwa ta taso daga teku, ta kwantar da rake, ta farfasa mashigar jirage. Aka yi wata da watanni ba shinkafa. Rake kuwa ana shansa ne, ba ya zama tuwo. Masu dariyar nan suka nufo rumbun da ƙwarya a hannu, Ladi ta auna wa kowa, ba ta yi wa ko ɗaya gori ba.

Ina yarinya na ɗauka labarin dabara ne. Da na yi aure na ɗauka na tanadi ne. Sai da Usmanu ya dawo daga sarin kaya a kudancin ƙasar Sin, ya zauna nan tsakar gida yana ba ni labari: tuddai kore shar, zufa dare da rana, shinkafa sau biyu a shekara, masana'antu jere har bakin teku, jirage ba iyaka.

"Inna, mutanen can ba sa jiran damina. Mu kuma muna nan muna kallon sama. A sayar da gonar nan in yi odar kaya kwantena guda, ki huta."

"Ranar da jirgin bai zo ba fa?"

Ya yi dariya, ƙannensa ma suka yi. "Inna, ai yanzu ba zamanin da ba ne."

Dariyar ce ta buɗe mini ido. Ashe ba hayaƙi ne ya ceci garin ba. Abin da Dada ke nuna mana shi ne mace ita kaɗai, ba uwa ba dangi a kusa, ana mata dariya shekara biyu cur, ba ta sauke gatarinta ba. Da Malam na raye da kallo ɗaya zai yi musu su yi shiru. Yanzu ba shi, sai ni.

Ban hana Usmanu fatauci ba. Ya je tekunsa, Allah ya ba shi sa'a, ina masa addu'a kowace sallah. Amma ranar Laraba ya zo da takarda da tawada, ya ce in dangwala yatsa kawai, tunda rabona yana cikin gonar, ba a sayarwa sai da ni. Na naɗe hannuwana cikin mayafi.

"Inna, mai saye yana jira a mota."

"To ka kai masa ruwa, rana ta yi zafi."

Washegari na shiga motar Kwadon ni kaɗai. Na sami mai shanun huɗa, muka yi magana. Ruwan farko na sauka, za a kama huɗa daga gefen gabas, wajen kabarin Malam, don a nan ƙasa ta fi saurin shan ruwa.