Dabino Ashirin da Biyar a Hannun Surukina

Da aka ce mini mijin 'yata injiniya ne a Ingila, na ɗauka gini yake yi. Har gori na yi wa matan unguwarmu. Sai da na zo Landan, 'yar tawa na ɗauke da cikin fari, na gane ashe rusau ne aikinsa. Wai akwai wata tsohuwar tashar lantarki ta nukiliya can bakin teku da ta gama aiki, shi da abokansa suna kwance ta guntu-guntu, suna ɗura abin da ya rage a ganguna. Ya tafi ran Litinin, ya dawo mana Dagenham ran Juma'a.

Na ce da 'yata, "To, mai kwasar shara kika aura kenan."

"Haba Inna, ba irin wannan sharar ba."

"Shara dai shara ce, ko da kwat ake kwasarta."

Wata Juma'a bayan salla a babban masallacin Regent's Park, wata Hajiya mai haƙorin Makka ta ja ni gefe. Ta ce wannan sharar tana da guba marar launi marar wari, tana bin tufa, kuma ɗan ciki take fara nema. A ranar na kafa doka. Na ware masa kwano da kofi, na ɗaura wa kofin jan zare don kada a yi kuskure. Takalmansa a waje suke kwana, ko ruwa ake yi. Ba zai gaisa da matarsa ba sai ya yi wanka. Ya aiko 'yata ta gaya mini cewa kayan aiki ba sa barin wurin, kuma na'ura tana duba kowa kafin ya fita ƙofa. Na ce ai waɗanda suka haɗa gubar su suka haɗa na'urar.

Bai taɓa musa mini ba. Yaro ne mai kunya. Daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaishe ni, ba ya cin abinci a gabana, ni ma ban taɓa kiran sunansa ba, kuma ba yau zan fara ba.

Sai wuyana ya kawo nasa rikicin. Zuciya na bugawa kamar ana sussuka, gumi a cikin sanyin nan, ga rama. Likita ya ce maƙoƙo ne, kuma ƙwayoyin da aka gwada ba su karɓe ni ba. Akwai wani kafso guda ɗaya tak, in na haɗiye shi an gama, amma sai na nisanci mai ciki da jarirai na wani lokaci, don haka gara a yi yanzu tun haihuwa da saura. 'Yata ce ta fassara mini a ranar, kuma ta zuba wa maganar suga da yawa.

Ranar shan maganin aka ce mai ciki ba za ta je ba, sai surukina ya kai ni. Nas ta shigo da wata 'yar tukunya mai nauyi, ta ajiye, ta ja da baya. Ko kunama ba a riƙe ta da irin wannan ladabi.

Na ce, "Malam, tambayar mini ita, mene ne a ciki?"

Ya sunkuyar da kai. "Mama, dangin abin da muke kwasa ne. Ɗan kaɗan ne dai."

Na riga na zo, ga mutane, ni kuwa ba a taɓa ganin bayana ina gudu ba. Na yi bisimilla na haɗiye.

Kafin mu koma gida, an kwashe 'yata zuwa wurin yayarsa a Croydon. Shi ya ɗauki hutu ya zauna da ni. Takardar asibiti ta ce kwana ashirin da biyar. Ta ce kada kowa ya matso kusa da ni ya daɗe, kada a haɗa kwano da ni. Na ce Bature ya makara, mu da surukai mun daɗe da wannan. Da aka zo cin abinci sai ga tire a bakin ƙofa, a kai kofin nan mai jan zare.

Ya ce, "Mama, tunda dama an ware shi."

Kansa a ƙasa yake, ban ga fuskarsa ba, amma na ga kafaɗarsa tana motsi.

In na shiga banɗaki, sau biyu zan kora ruwa. Takardar da na fyace majina, har da guntun asuwakina, duk a leda yake ƙulle su, ya rubuta kwanan wata, ya kai ɗan ɗakin katakon da ke lambu. Ni da na aurar da 'ya'ya shida, asuwakina aka yi wa ɗaurin talala! Da yake ban yi boko ba, bare in duba kwanan wata, ya zuba mini dabino ashirin da biyar a kwano. Kullum da safe in ci ɗaya. Ranar da kwano ya ƙare, na huce. Wata rana na ci biyu. Da la'asar na ga an mayar da ɗaya.

Zaman kaɗaici ya sa na fara jan shi da hira, yana bakin ƙofa ina can ƙurya. Ya ce abin da na haɗiya duk kwana takwas rabin ƙarfinsa ke tafiya. "A wurin aikinmu, Mama, irin taki muke so. A ajiye, a jira, shi ke nan."

"Irin tawa me?"

Ya sosa ƙeya. Na ƙyale shi.

Ya ce akwai wata sharar da sai an nutsa ta can ƙarƙashin dutse, don jikokin jikokinmu za su shuɗe ba ta huce ba. Na ce wato iyayen gidanku sun sha hasken wuta sun tafi, sun bar muku wanke-wanke. Ya ce kusan haka ne. A ranar na ce ya shigo da takalmansa, ruwa na dukansu.

Dabino tara suka rage sai waya ta zo: 'yata ta sauka, namiji, ya riga lokacinsa. Na lissafa da yatsu. Ranar suna saura biyu a kwano. Abin da ya kawo ni ƙasar nan kenan, in yi wa 'yata wankan jego, in karɓi jikana da hannuna. Na ce Malam, kwana biyu ai ba komai ba ne. Ya ce, "Mama, ki yi haƙuri." Na yi faɗa, na yi kuka, na ce ramuwa yake yi. Na miƙa wa maƙwabciyarmu, wata nas 'yar Gana, takardar ta kan katanga. Ta karanta ta ce ko kwana ɗaya bai ƙara mini ba. Wankan jego yayarsa ta yi, da ruwan butar shayi, ina ta waya ina gyara mata.

Ranar suna, a gidan yayarsa, aka ajiye mini kujera a bakin ƙofar falo, can nesa, aka ce ba zan daɗe ba. Maza suna waje, har da surukina. Sai ga Hajiya mai haƙorin Makka ta nufo ni da jariri a zane.

"Ke kuma kaka guda kin koma gefe kamar baƙuwa? Ungo angonki!"

Na hango tsakar kansa da gashi kwance luf-luf. Ba wanda zai kai ƙara. Na tura hannuwana ƙarƙashin cinyoyina na zauna a kansu.

Na ce, "Tsaya nan. Mayar da shi. Saura kwana biyu."

"Wa ya ce?"

"Surukina."

Ta taɓe baki. "Mai kwasar sharar?"

Na ce, "Shi fa. Ke da kika san gubar tun daga masallaci, ga ki kina kawo mata jariri har gida."

Ta koma da shi tana ƙunƙuni, mata na dariya.

Ranar da na ci dabinon ƙarshe, shi da kansa ya kawo yaron. Ya tsallako ƙofar ɗakina, abin da bai taɓa yi ba, ya durƙusa ya ɗora mini shi a cinya. Ban gama addu'a ba angon nawa ya sakar mini fitsari har cikin zane.

Na ce, "Malam, wannan sharar fa, kwana nawa za a ajiye ta?"

Ya fita da sauri yana riƙe baki.